Riƙon Namun Daji a Gida: Bayani ga Mazauna Karkara da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

A kowace shekara, musamman daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar bazara, lokacin da ake ƙonar daji da farauta da sharar gonaki, akan samu mutane a ƙauyukanmu suna dawowa gida da 'ya'yan namun daji. Wani ya tsinci ɗan barewa kwance cikin ciyawa, wani ya karɓo ɗan biri daga hannun yara, wani kuma makiyayi ne ya ci karo da ɗan gada da wuta ta ƙona wa ƙafa. Galibin waɗannan bayin Allah tausayi ne yake sa su ɗauka, kuma ba mu da abin cewa game da niyyarsu sai yabo. Abin da kan biyo baya shi ne ya sa muka ga ya dace mu shirya wannan bayani, domin dabbar da aka ɗauko da niyyar jinyar kwana biyu sau da yawa takan ƙare a turke ko a keji har iyakar rayuwarta, idan ma ta rayu ke nan.

Abin da muke so jama'a su fahimta tun daga farko shi ne, ceton dabbar dawa aiki ne na ɗan gajeren lokaci, wanda ke ƙarewa da mayar da ita inda aka same ta ko miƙa ta ga hukumar da ke da alhakin kula da ita. Riƙe ta a gida a matsayin abin sha'awa kuwa wani al'amari ne dabam, mai doka a kansa, mai haɗari ga iyali, kuma mai wahala ga ita kanta dabbar.

Sabo da mutum ba ya mayar da dabbar dawa ta gida

Tumaki da awaki da shanun da muke kiwo sun shafe kimanin shekaru dubu goma a hannun ɗan Adam. A tsawon wannan zamani an yi ta zaɓen masu sanyin hali ana barin su su hayayyafa, ana yanka masu tsaurin kai, har aka wayi gari halinsu da jikinsu sun dace da zaman gida. Ɗan barewa ko ɗan biri da aka raina da hannu bai bi ta wannan doguwar hanya ba. Abin da ya samu sabo ne kawai: ya daina tsoron mutum, amma duk ɗabi'ar da aka halicce shi da ita tana nan tana jiran lokacinta. Mu duba zabuwa ma, wadda kakanninmu suka daɗe suna kiwonta. Har yau takan bar gida ta tafi cikin ciyawa ta yi ƙwai, ta kwana a kan bishiya. To, ina ga dabbar da uwarta ta haife ta a dawa watanni kaɗan da suka wuce?

Lokacin da wannan ɗabi'a ke bayyana shi ne lokacin balaga. Shi ya sa masu riƙon irin waɗannan dabbobi kan ce dabbar ta "canza hali" bayan shekara biyu ko uku ko biyar, alhali kuwa girma ne ya zo mata.

Ba duk ɗan da aka tsinta ne maraya ba

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ne ya fi sauƙin gyarawa. Barewa da gada da mazo da danginsu suna da wata dabara ta kare 'ya'yansu. Bayan haihuwa uwa takan bar ɗanta a ɓoye cikin ciyawa ko ƙarƙashin wani ɗan kurmi, ta tafi kiwo nesa da shi, sai ta riƙa dawowa 'yan lokuta a yini tana ba shi nono. Shi kuwa ɗan yakan kwanta lamo, ba motsi, ba kuka, ko da an zo dab da shi. Haka za su yi ta yi na tsawon kwanaki, a wasu jinsunan har makonni, kafin ya yi ƙarfin bin uwarsa. Nisantar da uwa ke yi don kada ta jawo hankalin dila ko kura zuwa inda yake ne. Saboda haka manomin da ya tarar da ɗan barewa shi kaɗai, lafiyayye, ya ɗauka an yar da shi ne, mai yiwuwa uwar tana laɓe tana kallonsa a daidai lokacin da ya saɓa ɗan a kafaɗa.

Alamomin da ke nuna cewa ɗan dabba yana bukatar taimako da gaske su ne: a ga gawar uwar a kusa, ko a ga rauni ko ƙuna ko karaya a jikinsa, ko ƙudaje da tururuwa sun rufe shi, ko yana yawo yana kuka ba ƙaƙƙautawa tun safe har yamma, ko idanunsa sun faɗa jikinsa ya yi sanyi. In ba a ga ko ɗaya daga cikinsu ba, abin da ya dace shi ne a bar shi, a janye karnuka da yara daga wurin, a dawo washegari a duba daga nesa.

Haka batun yake ga tsuntsaye. Ɗan tsuntsun da gashinsa ya fito, yana tsalle-tsalle a ƙasa, yana koyon tashi ne, kuma iyayensa suna ciyar da shi a nan inda yake. Wanda bai yi gashi ba kuma ana iya mayar da shi sheƙarsa. Maganar da ake yi cewa uwa za ta ƙi shi saboda warin hannun mutum ba ta da tushe ga yawancin tsuntsaye. Malamai sun sha ambaton hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda wasu sahabbai suka ɗauko 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu a kan hanyar tafiya, Annabi (SAW) ya umarce su da su mayar mata da su.

Akwai kuma wani nau'in "ceto" da muke so a yi hattara da shi, wato sayen ɗan dabba a kasuwa ko a bakin hanya don an ga yana cikin wahala. Ɗan biri yana manne da cikin uwarsa a watannin farko na rayuwarsa, kuma ba ta sakin sa da daɗi. A mafi yawan lokuta, ɗan birin da aka kawo kasuwa sai da aka kashe uwarsa kafin a same shi. Duk wanda ya biya kuɗi ya karɓe shi, komai kyan niyyarsa, ya nuna wa mai sayarwa cewa akwai ciniki, kuma mako mai zuwa zai kawo wani.

Dabbobin da aka fi riƙewa da abin da ya kamata a sani game da su

Biri shi ne kan gaba. Wanda aka fi gani a gidaje a ƙasar Hausa shi ne jan biri, sai kirka, sai gwaggon biri. Suna ƙanana suna da ban sha'awa ƙwarai, suna shan kunu, suna hawa bayan yara, har wasu kan ɗinka musu riga. Amma jan biri dabba ce ta fili mai faɗi, wadda ke iya gudun da ya kai kilomita 50 a awa guda, kuma tana yini tana yawo cikin garke tana neman ƙaro da ƙwari da 'ya'yan itatuwa. Ɗaure irin wannan halitta da igiya a ƙugu a gindin darbejiya azaba ce, ko da ana ba ta abinci sau uku a rana. Ba sabon abu ba ne a ga birin da igiya ta ci masa fata har ta shige cikin nama, saboda an ɗaura ta tun yana ƙarami ba a sassauta ba. Namijin jan biri yakan balaga a wajen shekara huɗu zuwa biyar, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 20 a tsare. Namijin gwaggon biri kuwa nauyinsa kan wuce kilo 25, fiƙoƙinsa sun isa su yaga hannun babban mutum, kuma yana iya kai shekara 30 ko fiye.

Biri yana rayuwa ne bisa tsarin wane ya fi wane. Idan ya taso a cikin gida, mutanen gidan su ne garkensa, kuma da ya balaga zai fara gwada ƙarfinsa a kan waɗanda ya ga sun fi rauni, wato yara da mata da tsofaffi. Yakan yi wa maigida biyayya, shi ya sa maigidan kan yi gardama in an ce birinsa yana cizo. Daga nan sai a koma ga duka, ko a cire masa haƙora da filaya, ko a kulle shi a keji a bayan gida har ya zauce ya riƙa tsige gashin jikinsa. Ƙarshen yawancin biran gida ke nan.

Barewa da gada matsalarsu ta fara ne tun daga ciyarwa. Ana ba su madarar shanu ko madarar gari da sukari ko koko, sai gudawa ta kama su, su mutu cikin 'yan kwanaki. Wasu kuma ana ɗura musu madarar suna kwance, ta bi ta huhu. Bugu da ƙari, akwai wata cuta da likitocin dabbobi suka sani, wadda tsananin firgita da guje-guje da ɗauri ke haifarwa: tsokar jikin dabbar takan lalace, ta mutu bayan awoyi ko kwanaki ba tare da wani rauni a fili ba. Wannan ne dalilin da ya sa barewar da aka kora da karnuka aka kama da rai ba safai take daɗewa ba. Waɗanda suka tsallake duk wannan, idan maza ne, sukan zama abin tsoro bayan ƙahonsu ya yi ƙwari, domin sun ɗauki mutum ɗan'uwansu, kuma namijin barewa da ƙaho yake sasanta rigima da ɗan'uwansa. Tsawon ƙahon ya yi daidai da cikin ƙaramin yaro. Ya kamata a sani kuma cewa barewar yankinmu, mai jan goshi, tana cikin jerin dabbobin da Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta bayyana cewa suna fuskantar barazana.

Game da kura ba sai mun tsawaita ba. Jama'a sun saba ganin gardawa suna yawo da ita da takunkumi da sarƙa, har wasu kan zaci abu ne mai sauƙi. Babbar kura takan wuce kilo 50, tana iya cinye nama fiye da kilo 10 a zama guda, kuma muƙamuƙinta yana farfasa ƙashin sa. Takunkumin da ke bakinta ya isa shaida cewa su kansu masu ita ba su amince mata ba. Haka ɗan kada da ake sakawa a kwatarniya ko a wani ɗan tafki na siminti: shekaru kaɗan zai fi ƙarfin wurin, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 50.

Babban kunkuru na sahel ba ya cizo, shi ya sa ake ganin ba shi da matsala. Sai dai yana iya wuce kilo 50, yana iya rayuwa fiye da shekara 70, wato ya binne wanda ya kawo shi, kuma yana haƙa rami mai zurfi da kan raunana gindin katangar ƙasa. Abincinsa ciyawa ce da ganyaye. Ragowar tuwo da shinkafa da ake zuba masa suna gurɓata masa ƙwarya. Kwasar sa da ake yi daga daji don ajiyewa a gidaje da sayarwa ƙasashen waje na daga cikin abubuwan da suka rage yawansa ƙwarai.

Gauraka ita ce misalin da ya fi ba mu takaici. Tsuntsuwa ce da ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, kuma dattawa sun san lokacin da ake ganin ta garke-garke a fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi. Yau da wuya a gan ta a dajin ƙasar nan. Bushewar fadamu ta taimaka, amma kama ta da ake yi a yanke mata fiffike a ajiye a farfajiyar manyan gidaje don ado ya taka rawa babba, domin wadda aka tsare haka ba safai take hayayyafa ba. Jimina ma haka: irin tamu mai jan wuya ta ɓace daga mafi yawan wuraren da aka san ta, har ta kai a Jamhuriyar Nijar an keɓe wata cibiya a Kelle, cikin jihar Damagaram, don a hayayyafa ta. Namijin jimina a lokacin barbara yana iya yi wa mutum mummunan rauni da shuri ɗaya. Aku kuwa daga kurmin kudu ake kamo shi, da yawa suna mutuwa a hanya, kuma wanda ya tsira yana iya kai shekara 40 zuwa 60 a keji shi kaɗai, alhali tsuntsu ne mai rayuwa cikin taro.

A nan ya dace mu tuna da shamuwa. Kowace shekara takan zo da farkon damina ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, jama'a su yi murna da zuwanta, ta ƙyanƙyashe ta tafi. Ba wanda ya taɓa ɗaure ta, kuma ba ta daina zuwa ba.

Cututtukan da ke iya shigowa gida

Mafi muni shi ne ciwon haukan kare. Gaskiya ne cewa kusan duk mutanen da ke kamuwa da shi daga karnukan gida suke samu, amma dila da kura da sauran dabbobi masu shayarwa suna iya ɗaukar sa. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Abin lura a nan shi ne, dabbar dawa da ta shigo gari da rana tsaka, ba ta gudun mutane, tana tangaɗi ko dalalar da yawu, ita ce wadda za a fi jin tausayi a ce za a cece ta, kuma ita ce mafi haɗari. Kada kowa ya taɓa ta. Duk wanda dabbar dawa ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar don allurar rigakafin haukan kare da ta ciwon sarƙewar haƙora. Kada a jira a ga yadda ciwon zai yi, kada kuma a tsaya ga shafa magani a gida.

Ƙyandar biri ta sake ɓulla a Nijeriya a shekarar 2017, inda aka fara ganin ta a jihar Bayelsa kafin ta bazu. Duk da sunanta, masana sun fi danganta ta da ƙananan dabbobi dangin ɓera da kurege. Abin da ya faru a Amurka a 2003 ya nuna yadda riƙon namun daji ke yaɗa ta. An shigar da wasu dabbobi daga ƙasar Gana, ciki har da gafiya, don sayarwa ga masu sha'awa. Aka ajiye su kusa da wasu 'yan dabbobin ƙasar masu kama da kurege, waɗanda su ma ake riƙewa a gida, cutar ta kama su, daga nan ta kama mutum 47 a jihohi shida. Zazzaɓin Lassa kuma, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, don haka a hana yara kama ɓerayen daji suna wasa da su.

Biri yana kama da mutum har a cututtuka. Tarin fuka da tsutsotsin ciki da cututtukan gudawa suna wucewa daga gare shi zuwa mutum, kuma daga mutum zuwa gare shi. Kunkuru da kada da damo suna ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa a kashinsu ba tare da su sun nuna alamar ciwo ba, kuma yara masu rarrafe a tsakar gida su ne suka fi kamuwa. Aku da tsirya suna iya sa wa mutum wani zazzaɓi mai kama huhu ta hanyar ƙurar busasshen kashinsu.

Makiyaya da masu kiwon kaji su ma suna da nasu rabon. Murar tsuntsaye mai tsanani, wadda aka tabbatar da ɓullarta a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, tana yawo a jikin tsuntsayen ruwa, saboda haka haɗa agwagwar daji da aka tsinta da kajin gida ganganci ne. Barewar da aka saka cikin awaki kuma tana iya ɗaukar annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, in aka sake ta daga baya ta kai wa 'yan'uwanta a dawa.

Abin da doka ta tanada

Jihohin Arewa sun gaji Dokar Namun Daji ta 1963 daga tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa, kuma da dama daga cikinsu sun yi mata gyare-gyare. Dokar ta karkasa dabbobi bisa irin kariyar da aka ba su, ta kuma sanya sharaɗin lasisi kafin a farauci ko a kama waɗanda ta ba kariya. A matakin tarayya akwai dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a matsayin Doka ta 11 ta 1985. Jadawalinta na farko ya ƙunshi dabbobin da aka haramta farautarsu da kama su da cinikinsu gaba ɗaya, kamar zaki da damisa da raƙumin dawa da ayu, na biyu kuma ya ƙunshi waɗanda ba a taɓa su sai da lasisi. A asali tarar laifin farko naira 1,000 ce, amma gyaran da aka yi wa dokar a 2016 ya ɗaga ta ƙwarai, sannan a 2025 Majalisar Tarayya ta amince da wani sabon ƙudiri mai ƙara tsananta hukunci. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana cikin masu tabbatar da bin dokokin muhalli na tarayya.

Har ila yau Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. A taron da aka yi a Afirka ta Kudu a 2016 an saka aku mai toka-toka cikin rukunin da aka hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji. Mazauna garuruwan kan iyaka su lura da wannan, domin tsallakawa da irin waɗannan dabbobi ba tare da takarda ba laifi ne a ɓangarorin biyu. Fitar da kowace dabba daga gandun daji na ƙasa, kamar Gashaka Gumti ko Kainji ko Kamuku, laifi ne a ƙarƙashin dokar gandun daji ta ƙasa ta 1999, haka kuma dokokin jihohi sun kare gandun daji irin su Yankari da Falgore.

Cewa "tsinta na yi" ko "ba ni aka yi kyauta" ba ya zama lasisi. Kuma idan dabbar da mutum ya riƙe ta ji wa ɗan maƙwabci ciwo ko ta yi ɓarna, alhakin yana wuyansa.

Matakan da za a ɗauka idan dabba tana bukatar ceto da gaske

Manyan dabbobi masu haɗari da macizai ba aikin mutum ɗaya ba ne, a sanar da hukuma kawai. Idan ƙaramar dabba ce, a rufe ta da zane ko buhu kafin a ɗauka, kada a taɓa ta da hannu tsirara. Rufe wa barewa ko tsuntsu idanu yana kwantar musu da hankali ƙwarai. A saka ta cikin kwali ko kwando mai shan iska, a shimfiɗa tsumma, a ajiye a ɗaki mai duhu da shiru, nesa da yara da karnuka da dabbobin gida da wurin girki. Kada a ɗaure ƙafafunta a rataya a babur, kada kuma a tara jama'a kallo, domin firgita kaɗai tana kisa.

Kada a yi gaggawar ba da abinci. Dabbar da jikinta ya yi sanyi ɗumi take bukata da farko. Idan an yi nisa da malamin dabbobi kuma dole a ba ɗan barewa ko ɗan gada wani abu, nonon akuya mai ɗumi ya fi dacewa da cikinsa, a ba shi kaɗan-kaɗan da fidar jarirai yana tsaye, ba a ɗura masa ba. Kada a ɗura wa tsuntsu ruwa a baki. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, sannan a sanar da mai unguwa ko dagaci da malamin daji a ranar ko washegari.

Jan hankali ga jami'ai da masu sarauta

Muna kira ga masu unguwanni da dagatai da hakimai da sarakunan baka, tare da malaman daji da malaman dabbobi da duba-gari, da su ɗauki wannan a matsayin aikin haɗin gwiwa. Idan aka kawo rahoto, a rubuta irin dabbar, da inda aka same ta, da ranar, da abin da aka ba ta, da sunan duk wanda ta ciza ko ta yakusa, a tura shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. A ba wanda ya miƙa dabbar takardar shaidar karɓa, sannan a sanar da sashen kula da namun daji na jiha, wanda shi ne zai yanke shawarar inda za a kai ta.

A ra'ayinmu, mutumin da ya kawo dabba da ƙafarsa bai cancanci tsawa ko barazana ba. Jami'in da ya wulaƙanta irin wannan mutum ya koya wa ƙauye guda su riƙa ɓoyewa. Tsananin doka ya fi dacewa da masu kamawa don sayarwa. Akwai kuma wata magana da ba a cika son faɗa ba: yawancin barewa da gauraka da jiminar da ke manyan gidaje kyauta aka kai su, kuma wasu daga cikin masu karɓa jami'ai ne da masu riƙe da sarauta. Da wuya talaka ya ɗauki dokar da muhimmanci muddin yana ganin gauraka tana yawo a farfajiyar wanda ya zo yi masa bayanin ta.

Wuraren karɓar irin waɗannan dabbobi ba su da yawa, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata jami'ai su sani. Akwai gidajen namun daji irin na Audu Baƙo a Kano da na Jos, amma kowannensu yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, don haka a tuntuɓe su kafin a ɗora dabba a mota. A jihar Kuros Riba akwai cibiyar da ƙungiyar Pandrillus ta kafa a 1991, wadda ke karɓar marayun wani nau'in babban birin kurmi da cimfanzi, tana haɗa su garke-garke su koyi zama da 'yan'uwansu. Aikinta ya nuna cewa gyara birin da ya taso a hannun mutum abu ne na shekaru da kuɗi masu yawa.

Waɗanda suka riga suka daɗe da dabba a gida

Ga wanda ya shekara da shekaru da biri ko barewa kuma ya gaji, kada ya kai ta bakin daji ya sake ta. Dabbar da ta taso a gida ba ta san abincin dawa ba, ba ta san abokan gabanta ba, kuma duk inda ta ji muryar mutum nan za ta nufa. Biri zai faɗa gonar ƙauye mafi kusa a kashe shi, ko garken da ya tarar su far masa. Jefa ta cikin gandun daji ba tare da izini ba shi ma ba daidai ba ne, saboda cutar da za ta iya kai wa na ciki. Ya je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarsa ya bayyana abin da yake da shi, a aiko malamin dabbobi ya duba ta. Kafin a samo mata wuri, a cire mata igiyar ƙugu ko ta wuya a koma ga shinge mai faɗi da inuwa da ruwan sha, a raba ta da yara da dabbobin gida, a riƙa share kashinta ana binnewa, kuma a hana ta hayayyafa.